Adireshin da Ya Kori Sahabi

Tun da na dawo daga Konni ba ni da sakat. Duk wadda muka haɗu, a buro, wato ofis, ko a gidan suna, sai ta ja ni gefe: "Mariama, wai har Najeriya kika je kamun ɓarawo?" Wata ma cewa ta yi ta ji da jandarmomi aka raka ni. Na maimaita har bakina ya gaji, don haka ga labarin a rubuce, wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta da kanta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni 'yar Damagaram ce, aiki ya ajiye ni Yamai. Aikin kwamfuta nake yi wa wata ƙungiya da ta raba wa manoma salula a ƙauyuka, su riƙa turo rahoton ruwan sama da na murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniyar gero. Kowane yanki da mai kula da shi. Na yankin Bazaga sunansa Sahabi, kuma a kansa aka yi wannan tafiya.

Duk saƙon da ya shigo sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke karɓar rahotanni, yakan zo da adireshin hanyar da ya biyo. Wasu lambobi ne da muke kira IP, da su saba take sanin inda za ta mayar da amsa. Direktanmu ya ji labarinsu a wani taro da ya je, inda aka ba shi jaka da biro, ya dawo ya ce daga yau yana son ganin adireshin kowa, don ya gaji da maƙaryata. Na fitar masa. Ranar farko muka kama gawurtaccen ɓarawo. Duk manoman da muke aiki da su adireshinsu ɗaya, da na bi sawunsa kuwa sai ga shi a cikin buronmu, ɗakin ajiya, kusa da matacciyar fanka. Akwai wata na'ura da ke tsaye bakin ƙofar saba, ita ke karɓar saƙo ta miƙa ciki, saba kuma wanda ya miƙo mata take rubutawa, ba ruwanta da wanda ya aiko. Na gyara, na sa ta riƙa duba ɗan bayanin da na'urar ke liƙa wa kowane saƙo, inda take faɗin daga hannun wa ta karɓa.

Sai adireshi ya watsu, kowa ya koma garinsu, ban da mutanen Bazaga. Su rahotanninsu duka daga adireshi ɗaya suke zuwa, ranar Laraba da tsakar rana, a lokaci guda, kamar an kwance bakin buhu. Na duba shafukan da ke hasashen inda adireshi yake. Wani ya ce Sakkwato, wani ya ce Legas, amma dai duk sun yarda Najeriya ce. Na gaya wa Direkta cewa adireshi hanya yake nunawa, ba mutum ba, kuma shafukan nan canki suke yi. Ya yi ta gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama shawara. A ganinsa magana ta fito fili: Sahabi ne ya buɗe wa manoma salulolin, ya san lambobin sirrinsu, don haka yana zaune Najeriya yana shan shayi yana cika mana ƙarya. Ya ɗauki farar motar ƙungiya, ya je har ƙauyen da ake taro a yankin Bazaga, ya tara Maigari da manoma a gindin itace, ya faɗi haka a gabansu, ya dakatar da Sahabi, ya dawo da kilishi.

Bayan an yanke hukunci sai aka tuna da shaida, domin masu ba mu tallafi sun tambaya. Direkta ya kira ni ya ce, "Madam Mariama, ki je ki gano mini gidan da adireshin nan yake." Na ce ba gida ba ne. Ya ce shi ya sa ya zaɓe ni, don na fi kowa sanin abin. Farar mota tana da wani taron, ni aka yanka mini tikitin kar, babbar motar haya.

Da asuba muka bar Yamai. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, ba mu fita gari ba ta gama sanin sunan ubana da unguwarmu. Kuskurena ɗaya, na gaya mata aikin kwamfuta nake yi. Nan take ta zaro salula daga lalita ta ce ta cika, in rage mata, amma kada in taɓa hotunan jikoki, da na biki, da na atamfa, da wa'azi. Na tambaye ta to me ya rage. Ta ce ai ni ce na yi lakwal, wato boko. Kafin mu kai Doso labari ya zaga mota, salula na zuwa mini hannu da hannu daga kujerun baya, har da ta yaron mota wadda gilashinta ya tsage. A Doso na sauka na sayi dambu da zogale, na ci da hannu ɗaya, ɗayan yana goge wa wani dattijo saƙonnin da bai san ya karɓa ba. Shingayen hanya kuwa ba a magana. A sauka, a nuna kati, a hau, a yi gaba kaɗan a sake sauka. Kafin Dogondutsi na fara zargin ko ni ce ɓarawon da ake nema.

Da la'asar muka shiga Konni, ruwa ya ɗauke ke nan, gari ya yi caɓal. Masaukin da aka kama mini, mai shi ya ce ɗaki mai fanka ne, kuma bai yi ƙarya ba, fanka tana nan a rataye. Na tambayi wuta, ya ce, "Tana tahe, Madam, in Allah ya so." Na tambayi ruwa, ya nuna mini bokiti. Sauro ne kaɗai ya zo a kan lokaci. Ina zaune bakin gado ina kwance takalmi sai salulata ta yi ƙara. Saƙo ne, wani kamfanin waya yana yi mini barka da zuwa Najeriya, yana fatan zan ji daɗin zamana. Ko kwata ban tsallake ba. Na zauna ina kallon saƙon, na ce a raina, to Mariama, ke ma ga shi kin gudu daga bakin aiki.

Da safe Direkta ya kira, ya ce in fara da iyaka. Na tare ɗan kabu-kabu mai babur, tambayarsa ta farko sefa zan ba shi ko naira, ta biyu ko ina da ƙarfin zuciya. Na gane dalilin ta biyun da muka hau hanya. Mu a Damagaram, in mutum zai je Najeriya, guzuri ake yi masa, a yi sallama da dangi. Mutanen Konni kuwa mace sai ta ɗora tukunya ta aika a sayo mata magi a wata ƙasa. Moto, wato babur, da jarkoki, amalanke da buhuna, mata da tallan awara, kowa na kai da kawowa, ni kaɗai ce na zo da takarda.

Wani jandarma dattijo ya ga na tsaya ina waige-waige, ya yafito ni.

"Madam, me ake nema?"

"Adireshi."

Na nuna masa lambobin. Ya duba, ya nisanta takardar da idonsa, ya sake dubawa.

"Wace unguwa?"

"Babu unguwa."

"Sunan mai gidan fa?"

"Shi ma babu."

"Wa ya aiko ki?"

"Direktanmu."

Ya miƙo mini takardar da hannu biyu, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. A duk tafiyar nan ban gamu da wanda ya fahimci aikina da sauri kamarsa ba.

Daga nan na yi abin da ya kamata a yi tun farko, na kira Sahabi. Ba wanda ya taɓa kiransa a kan maganar, har da ni. Ya ɗauka, muryarsa a dushe, ya ce yana Dogarawa gidan mahaifinsa, in ina so in zo, ƙofa a buɗe take. Na shiga motar ƙauye, irin wadda ba ta tashi sai an tabbata ba mai iya numfashi. Aka ɗaure akuya a ƙafafuna. Mun wuce Tsarnawa ina jin tana taunar wani abu, na ɗauka kara ne, sai a Malbaza na ga takardar misiyona ce, ta izinin tafiya, wadda na rubuta lambobin a bayanta, ta cinye daidai wurin hatimin Direkta. Mai akuyar ya ba ni haƙuri, na ce ba komai, ta fi ni sanin darajarsa. Da muka bar kwalta mota ta kafe a laka, maza suka sauka turi, mu mata aka ce mu zauna mu yi addu'a. Tsakanin warin albasa da na akuya, addu'ar ba ta yi tsawo ba.

Na tarar da Sahabi a zaure yana ɗaure ƙotar hauya. Siriri ne, furfura ta fara masa a gemu, irin mutanen da ke gaishe ka su sake gaishe ka kafin su zauna. Mahaifiyarsa ta aiko da fura. A nan zan yi adalci: furar ƙasar nan ta fi tamu, kuma in wata 'yar Damagaram ta ji haushi ta je ta sha ta dawo mu yi magana. Na yi masa bayanin adireshi gwargwadon iyawata. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Madam, ni ban san adireshi ba. Rabona da Najeriya tun sunan ɗan ƙanena. An ce mashin ta gan ni can. To mi zan ce ma mashin?"

Na ce in Allah ya so za a mayar da shi aikinsa. Ya ajiye hauyar.

"Aikin bai dame ni ba, ga gona. Gaban Maigari anka ce mini maƙaryaci, gaban mutanen da nike cin tuwonsu, ina kwana ɗakunansu. Ba wanda ya zage ni. Shiru ɗai sunka yi. Shi na ban iya ɗauka ba, shi ya sa na taho gida."

Raina ya ɓaci ƙwarai, sai na ƙara shan fura. Da ƙyar ya yarda ya kai ni Bazaga a motonsa, da sharaɗin ba zai shiga ƙauyen ba. Ranar Talata muka tafi. Ya sauke ni a bakin gonaki, ya nuna mini wani gida mai darnin kara, ya ce in ce Inna Kulu nake nema, ita ke sauke baƙin ƙungiya. Shi zai kwana a rugar wani abokinsa Buzu, gobe mu haɗu a kasuwar Konni.

Inna Kulu gajeriyar tsohuwa ce mai sayar da daddawa, bakinta ya fi daddawar ƙarfi. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tsaya a takalmina, ta ce, "Ɗiyata, da wanga kika taho ƙauye cikin damina? Yamai ba a ruwa?" Ta ba ni silifas ɗin mijinta. Na ciro salula in gaya wa Direkta na iso, babu rezo, wato sabis, ko ɗigo. Na ɗaga ta sama, na zaga gida, na hau turmi. Inna Kulu ta bar ni sai da na gama wasan, sannan ta ce in sauko kada in fasa mata turmi, rezo bai taɓa zuwa garin nan ba, ko da biki.

Manoman da ke aika rahoto suka zo gaishe ni da yamma. Suka nuna mini salulolinsu, ga rahotanni a ciki cike, na ruwa da na murzuna, kowanne da ranarsa, suna jiran rezo. Na tambaye su to yaya suke turawa. Wani ya ce, "Mu ba mu tura komi, Madam. Mu dai cikawa muke. Malam Sahabi ya ce in sunka samu rezo da kansu suke tahiya." Na ce a ina suke samun rezon? Suka dubi juna, suka dubi Inna Kulu, ita kuwa tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba. Ta ce in ci tuwo in kwanta, gobe Laraba.

Bayan sallar asuba gidan ya cika da masu ba da sautu. Kowa ya san sautu, mu ma muna yi, amma na ƙauyen nan ya kai inda namu bai kai ba. Wannan ta kawo kaza a sayar, wancan yana son gishiri, wata allura da zare, wani maganin ciwon baya, ba ja ba, ruwan ɗorawa. Sai na ga an jawo wata babbar ƙwarya an zuba dusa a ciki. Mutum ya zo, ya zaro salularsa, ɗaure da ƙyalle don kada ta ɓace cikin 'yan'uwanta, ya tusa cikin dusar, ya ce, "Inna, a cika ta." Mai jan ƙyalle, mai shuɗi, mai igiyar rama, har da wadda aka ɗaura wa laya. Garin ba wuta, saboda haka kowace Laraba saluloli ke zuwa kasuwa shan caji, masu su suna gona. Aka rufe ƙwarya da faifai aka ɗora a amalanke. Na tsaya baki buɗe. A garinmu mace ba ta ba mijinta salularta ya riƙe mata ta shiga wanka, a nan gari guda ya zuba sirrinsa a dusa ya ba mai daddawa.

Mijin Inna Kulu ne ke kora jakin amalanken, mutum ne da ban ji muryarsa ba sai in da jakin yake. A kowace mararraba akwai mai jira daga wani ƙauyen, da ƙunshin salulolinsu a tsumma, a gaisa, a tambayi ruwa, a ƙara a ƙwarya. Jakin yana da ra'ayinsa game da kududdufi, duk wanda ya gani sai ya tsaya ya yi nazari. Ni ina zaune tsakanin kaji da daddawa, ƙwaryar a cinyata, don Inna ta ce tunda nawa aikin ne in riƙe. Ta tambaye ni wai gaskiya ne mashin ɗin Yamai tana ganin mutum duk inda yake. Na ce ba ta gani. Ta ce, "To mi ya sa mai hwarar mota ya ce ta gani?" Na ce tambayar da ta kawo ni ke nan. Ta yi tsaki, ta ce ita dai tun ranar ba ta san yadda za ta dubi Sahabi ba, yaron da ta sha ba shi sautun kuɗin daddawarta.

Rana ta take tsaka muka shiga Konni. A gefen kasuwa, ta wajen hanyar iyaka, akwai rumfar kwano ta wani Ɗanjumma mai caji, faifan sola a sama, wayoyi a ƙasa sun cukurkuɗe kamar taliya. Ya karɓi ƙwarya, ya busa dusa, ya shiga soka wa kowace salula wayarta. Suka fara farfaɗowa ɗaya bayan ɗaya. Can sai ƙara ta ko'ina, ƙit, ƙit, ƙit, ƙarar da na sani sarai, domin ni na sa ta: rahoto ya tafi. Na ɗaga kai. A jikin ginshiƙin rumfar, rataye a ƙusa, ga wani ɗan akwatin wifi da bai fi sabulun wanki ba, yana ƙyafta koren ido.

Na tambayi Ɗanjumma wane layi ne a ciki. Ya ce, "Na Najeriya, Hajiya. Ya hi arha, ya hi ƙarhi. Duk wanda ya kawo caji ina sa mishi lambar kyauta, shi ji daɗi shi dawo." Na roƙi lambar wifin, na haɗa salulata, na buɗe shafin da ke gaya wa mutum adireshinsa. Na ciro takardata, abin da akuya ta rage, na gwada. Lambobin nan ne, ba ƙari ba ragi. Gidan da aka aiko ni nema daga Yamai ke nan, yana rataye a ƙusa tsakanin mai tsire da mai gyaran rediyo.

Dariya ta fara zo mini, na yi ta har Ɗanjumma ya tsorata. Sai ga Sahabi ya iso, ya kafe moto, dariyar ta yanke. Na nuna masa akwatin, na nuna masa lambobin, na yi masa bayani. Ya san ana kawo saluloli caji, shekara da shekaru yana gani, bai taɓa kawo wa ransa cewa wannan ce Najeriyar da aka ce yana zaune a ciki ba. Ya matsa kusa da ginshiƙin, ya daɗe yana duban abin.

"Wanga ɗan abu shi ya kore ni?"

Na ce masa a'a, wannan ba ya korar kowa.

Nan take na kira Direkta, da wifin Ɗanjumma kuwa, don haka a lissafinsa daga Legas na kira. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Madalla. Ai dama shi ya sa na ce a bincika." Ya ce in gaya wa Sahabi ya koma bakin aiki, in kuma biya ta wurin Maigari in yi musu bayani, tunda ina kusa. Ya ƙara da cewa kada in manta da rasit na masauki.

Washegari muka koma ƙauyen, wannan karon Sahabi ya shiga, amma a bakin tabarma ya zauna. Maigari dattijo ne mai sanyin magana, ya sa aka kira mutane gindin itacen nan dai. Na yi shirin dogon bayani, sai na ga ba ya da amfani. Na ce, in kun ba Inna Kulu sautun kaza, mai saye hannun wa yake gani? Suka ce na Inna. Na ce to mashin ɗinmu ma haka, hannun ƙarshe da ya miƙo mata take gani, kuma hannun nan akwatin Ɗanjumma ne mai layin Najeriya. Rahotanninku na gaskiya ne, Sahabi bai ƙirƙiri ko ɗaya ba, ƙungiya ta ce ya koma aikinsa. Abin da Direkta ya kasa ganewa da jaka da biro, kafin in rufe baki an gane shi, har wani yana yi wa na bayansa ƙari. Aka yi ta salati. Inna Kulu ta ce dama ita ta san ƙwaryarta ba ta ƙarya.

Na ɗauka an gama. Maigari ya bari surutu ya lafa, sannan ya dube ni.

"Ɗiyata, mun ji, mun kuma gode. Kin sha hanya, Allah shi yi miki albarka. Amma waccan magana, wanda ya hwaɗe ta da bakinai ya hwaɗe ta, nan inda kike zamne. Bai aiko kowa ba, da kainai ya taho, cikin hwarar mota. Ke kuwa aiko ki anka yi. Mu nan ana ba da sautun gishiri, ana ba da na salula. In mutum ya ɓata ma wani suna, ba a ba da sautun gyara. Ki hwaɗa mishi muna nan, itacen ma yana nan."

Na dubi Sahabi, kansa na ƙasa, yana wasa da bakin tabarma. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a bakin aiki, ga shi ba ni na yi maganar ba, amma ni na fitar da lambobin.

Sahabi ne ya kai ni bakin kwalta a motonsa. Hanyar ta ratsa wasu ƙauyukan da bayanina bai kai ba tukuna, ko da yake maganar Direkta ta daɗe da isa. A bakin wani gari wani dattijo yana tsaye da ɗan ƙunshi, ya ji ƙarar moto ya ɗaga hannu. Da muka matso ya ga mai tuƙin, sai hannun ya wuce kan hula, ya gyara ta, ya ce mana sannunku. Sahabi ya amsa, muka wuce. Sai da muka yi nisa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Da, Madam, kahin in kai nan, ba inda za ki zamna. Kaji, da kwalabe, da saƙon asibiti. Har hwaɗa nike da su."

Dawowa ba wani labari, illa na ce wa maƙwabciyar kujerata ni malamar lakwal ce, na samu barci. A Yamai gyaran bai ɗauke ni tsawon dahuwar shayi ba. Na sa kowace salula ta riƙa zuwa da shaidarta, da ranar da aka cika rahoto da wurin da aka cika shi, adireshi kuma ya koma aikinsa na nuna hanya. Direkta ya yaba, ya ce za a sa a rahoton shekara a matsayin nasara.

Saƙon Maigari na isar da shi baki da baki, yadda aka ba ni, ban rage ko itacen ba. Direkta ya saurara, ya duba agogo, ya ce in turo masa a rubuce zai duba. Na tura. Gero ya yi zangarniya, an fara girbi. Sahabi yana Dogarawa a gonar mahaifinsa, kuma duk wanda ya tambaye shi yaushe zai koma aiki, sai ya ce yana jiran baƙo.